Ashe Ba Hannu Ɗaya Ne Ya Ƙera Ta Ba

Jama'a, na gano wani abu a bana wanda na kasa riƙe shi a ciki, duk wanda na haɗu da shi a masallaci ko wurin suna sai na tsare shi da labarin. Duk ɗan'uwan da ke zaune a Amurka ko Kanada yana da ɗakin nan na tafi-da-gidanka da ake ɗaura wa a-kori-kura a ja, ko yake tara kuɗin sayensa, to ya buɗe kunne da kyau: kamfanin da sunansa ke rubuce ɓaro-ɓaro a jikin tirelar ba shi ya ƙera yawancin abin da ke cikinta ba. Harhaɗawa ya yi! Kuma daga ranar da mutum ya gane haka, tambayar "wa zan kai wa sabis?" sai ta sake kama gaba ɗaya.

Ga waɗanda ke gida ba su taɓa shiga irinta ba, ɗaki ne a kan tayoyi, ba shi da inji. Akwai gado, akwai kicin da murhun gas, firji, banɗaki, tankin ruwan sha da na ruwan datti, na'urar sanyaya ɗaki a bisa rufi. Mu a jihar Ohayo muke, kuma idan zafi ya shigo yara sun samu hutu, da ita muke fita gandun daji da bakin tafki. Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne, uwargida tana dafa mana abincinmu na halal a duk inda muka yada zango, ga ruwan alwala, ga wurin shimfiɗa sallaya ba tare da neman alfarmar kowa ba. Don haka lafiyarta ba ƙaramin abu ba ce a gidanmu.

Da ƙanƙara ta narke a bana, na kira wani babban dila mai wakiltar kamfanin da ya yi tawa, na ce ina son a yi mata sabis na shekara. Tambayar farko da aka yi mini ita ce, a wurinmu ka saye ta? Da na ce a'a, sai aka ba ni ranar da ta yi nisa ƙwarai, aka kuma ce in na kawo ta sai in bar ta a filinsu har layi ya zo kaina. Wato rabin lokacin fitar da muke jira tun cikin hunturu zai ƙare tana tsaye a rana a bayan shingen waya. Ba na zargin ma'aikatan, aiki ne ya yi musu yawa. A shekarar 2021 kaɗai masana'antun wannan fanni sun fitar da guda 600,240, abin da ba a taɓa yi ba a tarihinsu, kuma duk waɗannan suna komawa ne ga garejojin da masu gyara ba su ƙaru haka ba. Amma fa raina ya ɓaci, kuma ɓacin ran ne ya sa na ce bari in je inda ake yin su in ga abin da idona.

Gani ya kori ji! Gundumar Elkhart a arewacin jihar Indiyana, nan ne cibiyar. Kusan kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan ɗakuna da motoci na Amurka daga wannan yanki suke fitowa. Kana tafiya a kan titi, gonakin masara dama da hagu, ga keken dokin mutanen Amish yana tafe a gefen hanya, sai kawai ka ga fili ya buɗe, fararen tireloli sun jeru har iya ganinka. Mutanen Amish ɗin nan da yawansu su ne ma'aikatan masana'antun, tun kafin asuba suke kama aiki. Na shiga zagayen da wata masana'anta ke yi wa baƙi, ina biye da mai yi mana bayani, amma idona yana kan ƙofar da kaya ke shigowa. Wallahi nan abin ya buɗe mini. Shasin ƙarfe yana zuwa a shirye daga wani kamfani. Aksul da tayoyinsa daga wani. Firji a kwali, na'urar sanyaya ɗaki a kwali, tagogi a jere, shimfiɗar rufi a naɗe. Abin da mutanen wurin ke yi da hannunsu, cikin sauri mai ban mamaki, shi ne daɓen ƙasa, bango, kabad, jan waya da bututu, da ɗaure kowane abu a mazauninsa.

Sunayen da na riƙa gani a kwalaye ba su da yawa. Lippert, mai shasi da injin ɗakin nan da ke zamewa waje ya faɗaɗa falo. Dexter, mai aksul da birki. Dometic, kamfanin ƙasar Suwidin, mai firji da rumfa da na'urar sanyi. Norcold, shi ma firji. Suburban, mai tukunyar dafa ruwan wanka da na'urar ɗumama ɗaki. Hatta sunayen da ke jikin tirelolin, da suke kamar ba su ƙirguwa, yawancinsu ƙarƙashin gidaje uku suke. Thor, wanda aka kafa a 1980 da sayen Airstream, shi ya sayi Jayco a 2016. Forest River tun 2005 yake hannun Berkshire Hathaway, kamfanin Warren Buffett. Winnebago kuma ya ɗauki Grand Design a 2016. Tirelar mai kuɗi da ta mai ƙaramin ƙarfi, sau da yawa aksul ɗinsu daga ƙofa ɗaya ya fito.

Ina dawowa gida ko takalmi ban cire ba, na nufi aljihun kabad ɗin da ke ƙarƙashin kujera, na zaro jakar takardun da aka ba ni ranar saye. Ashe ba littafi ɗaya ba ne. Tuli ne, kowane da sunan kamfaninsa, da lambar wayarsa, da garantinsa na kansa, da jadawalin kulawarsa. Na baje su a tsakar falo ina karantawa har dare ya raba.

Na aksul na fara ɗauka, don shi ne mai ɗauke da rai. Dexter ya rubuta a fili: a buɗe boris a wanke a sake masa giris duk wata 12 ko mil 12,000, wanda ya riga zuwa. Birkin da ba mai daidaita kansa ba, a gyara masa zama bayan mil 200 na farko, daga nan kuma duk mil 3,000. Notin taya, duk lokacin da aka kwance aka mayar, a sake gwada ɗaurinsa da sifana mai awo bayan mil 10, da 25, da 50. Babu inda aka ce sai dilan da ya sayar maka ne zai taɓa. Sai na tambayi kaina, to wa ya fi kowa buɗe irin wannan aksul a garin nan? Amsar tana bayan gari, wani ƙaramin gareji da na sha wucewa ban ko kalle shi ba, inda ake gyaran tirelolin dawakai da na jan kwale-kwale da na masu yankan ciyawa. Aksul iri ɗaya ne sak!

Dattijon da ke wurin bai tambaye ni inda na saya ba. Ya leƙa ƙarƙashi, ya karanta lambar da ke jikin aksul, ya ce in kawo ta cikin makon. Kuma ya bar ni na tsaya a kansa, abin da ban taɓa samu ba. Ya ɗaga ta da jak a jikin shasi, ya gargaɗe ni kada in kuskura in sa jak a tsakiyar aksul, don bututu ne, yana iya lanƙwashewa taya ta riƙa cin gefe. Ya juya tayar da hannu yana saurare, ya girgiza ta sama da ƙasa yana neman wasa. Sannan ya zare kwanon birki. A karon farko na ga maganaɗisun da ke aikin: kana taka birki a mota, wuta ta biyo waya ta shiga maganaɗisun, ya manne wa fuskar kwanon da ke juyawa, jan da aka yi masa ya buɗe layinin birki ya kama. Shi ke nan fa! Abin da nake ɗauka wani sirri ne na masana'anta. Ya wanke boris tas, ya ɗaga shi a haske yana mirgina kowane ɗa yana neman tabo ko shuɗin da zafi ke bari, ya cusa sabon giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya sa sabon sil, don tsoho ba a mayar da shi.

Na nuna masa ɗan hancin nan da ke bakin aksul wanda ake ɗura giris ta cikinsa, na ce ai na ji an ce wannan ya wadatar. Ya girgiza kai. Ya ce abin yana da amfani, amma wanda ya matsa giris da ƙarfi ba tare da yana juya tayar ba, yana iya ture sil na baya, giris ya malale kan layinin birki, mutum yana tafe da nauyin tan biyu ko uku a bayansa bai san birkin ya daina kamawa ba. Kuma ko an ɗura daidai, hancin ba ya nuna maka ko boris ya ci. Sai an buɗe an gani. Kafin in tafi ya fizge 'yar igiyar da ake ɗaurawa a jikin mota, wadda in tirela ta tsinke take zare wani fulogi birki ya kama da kansa, ya nuna mini cewa da batirin tirelar take aiki. Batir in ya mutu, wannan kariyar ta tafi. Da rana na kai ta, kafin la'asar na ja abata zuwa gida, kuɗin kuma bai kai abin da dila ya faɗa mini a waya ba.

A hanya Panteka ta Kaduna ce ta faɗo mini a rai. Wa zai kai wa mai rewaya gyaran lagireto, ko ya kai wa mai faci bugun bodi? Kowa da layinsa, kuma mai mota ya san rumfar da zai tsaya. Tirelar nan haka take so a bi da ita.

Amma akwai tsoron da ke hana mutane, ni ma ya taɓa ni: in wani ya taɓa, garanti ya tashi. Na bi wannan magana har tushe, sai na tarar da wata dokar Amurka da ta cika shekara hamsin. Sunanta Magnuson-Moss, daga sunayen Sanata Warren Magnuson da ɗan majalisa John Moss, an sa mata hannu a 1975, kuma hukumar kula da ciniki ta tarayya ce ke tsaron ta. Abin da ta ce a taƙaice, kamfani ba shi da ikon ɗaure garantinsa da sharaɗin sai a wurinsa za ka yi sabis ko sai kayansa za ka saya, sai fa in kyauta yake ba ka su. Abin da yake iya yi shi ne ya ƙi biyan ɓarnar da mugun aiki ko sakaci ya jawo. Don haka makaminka rasit ne da kwanan wata. Na sayi littafi, kowane aiki ina rubuta rana da mil da sunan abin da aka sa, ina liƙa rasit, ina ɗaukar hoto da waya. Sai dai a kula, yarjejeniyar ƙarin kariya da wasu diloli ke sayarwa daban a ranar ciniki wata aba ce ta kanta, tana iya zuwa da nata sharuɗɗan duba na shekara, kuma wanda ya saya sai ya karanta ta layi-layi.

Yanzu ga wanda ya fi girgiza ni, rufi. Na ɗauka babban abokin gabar tirela hanya ce. Ruwan sama ne! Rufin yawancinsu falanki ne aka shimfiɗa wa wata fatar roba, sannan aka huda ta a wurare da dama don tagar iska, bututun banɗaki, eriya, na'urar sanyi. Kowace huda an zagaye ta da wani farin man liƙi mai kwanciya da kansa, irin wanda kamfanin Dicor ya yi suna da shi. Rana tana gasa shi, sanyi yana ƙanƙance shi, ga jijjigar hanya, a hankali sai ya tsage. Tsagar da ba ta kai kaurin zare ba ma, ta isa. Ruwa ya shiga ya kwanta cikin katako, ba ka ganin ɗigo, ba ka jin komai, sai wata rana ka taka daɓe ka ji ya yi laushi, ko ka ga fatar bango ta waje ta kumbura ta rabu da abin da aka manna ta a kai. A lokacin gyaran ya zama na kwance bango. Kuma takardun garanti sun saba faɗa ƙarara cewa kula da liƙin nan aikin mai tirela ne, ɓarnar ruwan da ta biyo sakacinsa ba ta cikin abin da suke biya. Littattafai da yawa cewa suke a duba shi duk wata uku. To don Allah wane dila ne zai hau maka rufi sau huɗu a shekara, shi da ke ba da rana bayan makonni?

Na jingina tsani na hau, uwargida tana riƙe da shi tana cewa, "Maigida, a hankali dai." Na bi da rarrafe, ina danna kowane liƙi da yatsa. A gefen tagar iska ta banɗaki na same ta, tsaga siririya, ƙura ta riga ta fara shiga. Zuciyata ta buga, sannan murna ta rufe ni, don na riga damina. Na wanke wurin da sabulu da ruwa, na bar shi ya bushe ƙarau, na zuba sabon liƙi a kai, ina kallo yana bazuwa yana cike tsagar. Abubuwa biyu na kiyaye waɗanda littafin rufin ya ja kunne a kansu: kada a wanke robar da wani abu mai ɗauke da man fetur ko kananzir, yana kumbura ta, kuma kada a sa silikon, don in ya ɓare babu abin da zai ƙara kamawa a wurin sai an kankare shi ƙal. Mai kwanciya da kansa na shimfiɗaɗɗen wuri ne, na gefen bango da tagogi wani iri ne da ba ya zuba. Duka aikin bai ci rabin wuni ba.

Abin da ban yarda in taɓa da hannuna ba shi ne gas. Nan ne na gano rukuni na uku, bayan dila da garejin bayan gari: masu gyara da ke zuwa maka har ƙofar gida ko sansanin da ka sauka, da kayan aikinsu a bayan mota. Ba 'yan ganin-dama ba ne duka. Ƙungiyar masana'antun ta buɗe makarantar horar da su a Elkhart a 2019, akwai kuma wata sananniya a garin Athens na jihar Tezas, kuma kana iya tambayar mutum takardar shaidarsa kafin ya taɓa komai. Wanda ya zo mini matashi ne, ya ɗaura ma'aunin matsin iska a layin gas, ya nuna mini inci 11 na awon ruwa da ya kamata ya tsaya a kai, ya rufe tukunyar gas ya jira ya ga ko allura za ta sauka. Ba ta sauka ba, alhamdulillahi. Ya juya na'urar da ke ƙara in gas ya zuba, ya nuna mini tana da ranar ƙarewar aiki a rubuce, kamar magani. Ya nuna mini shekarar da aka buga a wuyan tukunyar gas, ya ce bayan shekara 12 sai an sake tantance ta kafin a yarda a cika maka.

Sai tukunyar ruwan zafi. Ya kwance wani dogon ƙarfe daga gindinta, ya fito duk ya zaizaye ya yi ramuka. Na tsorata, shi kuwa ya ce aikinsa ke nan. Tukunyar Suburban ta baƙin ƙarfe ce, an sa wannan sanda ne don tsatsa ta ci shi ta ƙyale tukunyar, kuma in kashi uku cikin huɗu ya tafi sai a canja. Irin ta kamfanin Atwood, wanda yanzu ke hannun Dometic, ta alminiyom ce, ba a sa mata. Ka ga wannan ilimi ne na mai tukunya, ba ya cikin sunan da ke jikin bango. Ya kuma ja hankalina kan firjin da ke aiki da gas, mai ammoniya a bututunsa: in aka bar shi a kunne tirela tana karkace na dogon lokaci, ruwan ba ya zagayawa, sai ya lalace, kuma wannan ba garanti ne zai hana ba, daidaita tirela ne duk inda aka tsaya.

Taya kuwa kowane mai sayar da taya na kirki ya iya. Abin lura kawai shi ne lambobi huɗun ƙarshe da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai goge ba, saboda yawan tsayuwa a rana. Shirin hunturu ma na koya: a tsiyaye ruwan bututu duka, a kewaye tukunyar ruwan zafi, a ɗura jan ruwan nan na musamman da ba ya daskarewa, wanda aka yi don bututun ruwan sha. Na lagireton mota guba ne, kada ya kusanci famfo.

Kada wani ya ɗauka na ce a juya wa dila da masana'anta baya. Akwai aikin da nasu ne, kuma a kansa zan yi layi ko da zai kai wata nawa. In hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa ta sanar cewa an gano aibi a wani samfuri, gyaran kyauta ne, kuma ta hannun wakilan kamfani ake yin sa. Mutum ya shigar da lambar shasinsa mai harafi 17 a shafin hukumar ya gani, ni na mayar da shi al'ada kafin kowace fita ta farkon shekara. In abu ya lalace cikin wa'adin garanti, wanda a yawancinsu shekara ɗaya ce, wasu biyu ko uku, a kira kamfani tukuna kafin kowa ya sa sifana, don su ne za su ba da izinin wanda zai yi aikin, kuma wani lokaci suna yarda da mai zuwa gida in an nemi izinin tun farko. Bango da ya rabu, rufi da za a sake gaba ɗaya, shasi da ya tsage, ɗaki mai zamewa da ya goce daga layinsa, waɗannan suna son wanda ke da zanen ginin da manyan kayan ɗagawa.

Kuma akwai tirelar da ni kaina zan ja ta har ƙofar masu ita. Airstream, mai jikin alminiyom mai ƙyalli da aka ɗinke da dubban ƙusoshi irin na jirgin sama, wadda Wally Byam ya faro tun shekarun 1930. A garin Jackson Center ake yin ta, nan jiharmu ta Ohayo, kuma masana'antar tana da sashen gyara da ke karɓar masu ita, har da wurin da za su kwana cikin tirelarsu suna jiran aiki. In reshen itace ya lotsa mata kafaɗa, cire wannan lanƙwasasshen faifai da mayar da sabo ba tare da ta yi yoyo ba sana'a ce ta waɗanda suke yin ta kullum. Amma ko ita, boris ɗinta da birkinta dattijon bayan gari zan kai wa, a watan Maris, kafin layinsa ya cika da masu kwale-kwale.